Raƙuman dawan Gadabeji: a kafa ƙa'idar kallo tun baƙi ba su yi yawa ba

A watan Nuwamba na shekarar 2018 ne aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su cikin mota, aka sauke su a gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakwaro. A shekarar 2022 aka ƙaro 4. Kafin wannan aiki an yi kusan shekara 50 ba a ga raƙumin dawa a dajin nan ba, tun lokacin da farin shekarun 1970 da bindigar mafarauta suka haɗu suka ƙarar da su. Yanzu sun zauna, sun saba da wurin, har an samu haihuwa a cikinsu. Abin farin ciki ne ga jahar Maraɗi baki ɗaya, kuma ma'aikatan gandun daji da makiyayan da suka sa ido a kan dabbobin nan dare da rana sun cancanci yabo.

To amma akwai maganar da ya kamata a yi tun yanzu, tun ba ta zama rigima ba. Duk inda aka ji labarin dabba mai ban mamaki, masu kallo za su zo. A yau ba su da yawa, domin halin tsaro ya rage zirga-zirgar baƙin waje cikin ƙasa. Ranar da hanya ta buɗe kuwa, wanda ya taso daga Maraɗi zai bi ta Sabon Maci da Kornaka, ya kai Dakwaro, ya nufi Gadabeji da na'urar ɗaukar hoto a hannu da kuɗi a aljihu. Wa zai nuna masa inda zai tsaya? Wa zai ce masa ya isa haka? Kuɗin da ya biya kuma, hannun wa za su shiga?

Amsar tambayoyin nan tana nan a wani wuri da ba a zata ba, wato cikin teku. Mutumin Sabon Maci, wanda tsakaninsa da bakin teku ya fi kilomita 800, yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Da ruwansa, domin abin da ake tsoro ga raƙumin dawa ya riga ya faru ga wani kifi, kuma an ga inda aka gyara da inda aka ɓata. Kifin shi ne ake kira requin-baleine da faransanci, wani ƙato daga dangin kifin shak. Babu kifin da ya kai shi girma a duniya. Tsawonsa yakan kai mita 12, an ma ga wanda ya kai 18, wato ya yi tsawon babbar motar tirela. Duk da girman nan ba ya cizo, ba ya bin mutum. Abincinsa ƴan mitsi-mitsin halittun ruwa ne da ƙwan kifi, yana tafiya sannu da baki buɗe yana tace ruwa kamar yadda mace ke tace ƙullun koko. Ba ya fara haihuwa sai ya yi shekara 25 ko fiye, saboda haka in aka rasa ɗaya, maye gurbinsa aiki ne na tsawon zamani. A shekarar 2016 ƙungiyar UICN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa, bayan an ga yawansa ya ragu da fiye da rabi cikin shekara 75.

Da can masunta na kashe shi domin namansa da mansa da fikafikansa. Ƙasar Filipin ta hana wannan kisa a 1998, Indiya ta bi baya a 2001. Sai aka gane cewa kifin da ransa ya fi gawarsa kawo kuɗi, domin akwai mutanen da ke tasowa daga nesa su biya kuɗi masu yawa don kawai su shiga ruwa su yi iyo kusa da shi. Ana yin haka a Jibuti, da tsibirin Mafiya na Tanzaniya, da Mozambik, da Meksiko. Aka ɗauka kifi ya tsira. Ashe haɗarin kama kawai ya canja: mashi ya tafi, cunkoson jiragen masu kallo ya zo. A tsibiran Maldib masu bincike sun tarar da yawa daga cikin kifayen suna ɗauke da tabon farfelar jirgi a bayansu.

Wurin da ya fi koyar da darasi shi ne Oslob, wani garin masunta a tsibirin Sebu na Filipin. A shekarar 2011 masuntan garin suka fara jefa wa kifin ƙananan jatan lande daga cikin kwale-kwale, domin ya riƙa zuwa bakin gaɓa kowace safiya. Dabarar ta ci. Baƙo ba ya zuwa ya koma bai gani ba, labari ya bazu, kafin shekarar 2020 ɗaruruwan dubban mutane ke zuwa a shekara. Gaskiya ɗaya ce, ba za a ɓoye ba: talakawan garin sun samu abin da ba su taɓa samu daga kamun kifi ba, sun gina gidaje, sun sa ƴaƴansu makaranta. Amma kifin da Allah ya halitta yana ratsa dubban kilomita yana nitso cikin zurfin teku, sai ga shi ya koma kamar ragon layya, yana tsaye da baki buɗe a gindin kwale-kwale yana jiran hannun mutum. Masu bincike sun ga gogewar fata a bakinsa da fikafikansa saboda gugar jirage, sun ga wasu kifayen suna daɗewa a wurin fiye da al'adarsu, sun kuma ga mafi yawan masu iyo ba sa kiyaye nisan da doka ta yanka. Abin da ya fi muni, dabbar da ta koyi cewa jirgi yana nufin abinci za ta tunkari kowane jirgi a ko'ina, har wanda ke da farfela, har wanda ke da mashi. An yi ta kiran a daina, amma yaya za a daina abin da gari guda ke ci daga gare shi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na Oslob kuwa ya riga ya bushe.

A cikin ƙasar Filipin ɗin dai akwai Donsol, inda aka fara karɓar baƙi tun 1998 ba tare da ba kifi abinci ba. Kowane jirgi yana ɗauke da ɗan jagora daga mutanen garin, wanda aka horar, kuma shi ke da ikon cewa a shiga ruwa ko a fito. Ana gaya wa baƙo tun farko cewa yana iya gani, yana iya rasa gani. Wannan gaskiyar tana da tsada, domin a shekarun da kifin ya yi ƙaranci baƙi da yawa sun karkata Oslob, inda gani ya tabbata.

A Ningalu kuwa, yammacin Ostiraliya, hukuma ce ta riga kowa. Tun 1993 ba mai kai baƙi wurin kifin sai da takardar izini, kuma adadin takardun ƙayyadadde ne, ba a ƙara shi don wani ya kawo kuɗi. Jirgi ɗaya tak ke shiga cikin mita 250 kewaye da kifi, ba ya wuce minti 90, ba ya gudu. Masu iyo ba su wuce 10 a lokaci guda, ba a taɓa kifin, ba a tare masa gaba, ana barin mita 3 tsakanin mutum da jikinsa, mita 4 tsakaninsa da wutsiya. Kowane jirgi yana rubuta abin da ya gani cikin littafi, daga kuɗin kowane baƙo kuma ana cire wani abu domin aikin tsaro da bincike. Mai karatu zai lura cewa dokokin nan duk da adadi aka rubuta su. Ba a ce «a yi hankali» ba, aka ce mita kaza, minti kaza, mutum kaza, domin «a yi hankali» kowa da yadda yake fassara ta, mita 3 kuwa ko ɗan yaro yana iya auna ta. Yau fiye da shekara 30 ke nan, kifin bai daina zuwa ba, baƙi ma haka.

Kifi ɗaya ne a wuraren nan uku. Inda aka kafa ƙa'ida kafin kuɗi su fara shigowa, ta zauna. Inda kuɗi suka riga ƙa'ida, hukuma ta zama mai bin baya tana roƙo.

Ƙasar Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan al'amari, tana da nata tarihin a Kure. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma, mai hasken fata, da can yana yawo tun daga Senegal har tafkin Cadi. A shekarar 1996 aka ƙidaya saura 49 kacal a duniya, dukansu a Nijar. Da aka tsaya tsayin daka, gwamnati da ƙungiyoyi irin su ASGN mai kare raƙuman dawa da AVEN ta ƴan jagora, da manoman yankin da suka yi haƙuri da ɓarnar wake da mangwaro, sai adadin ya haura 600 kafin 2018. Hanyar ƙidayar ma iri ɗaya ce da ta kifin can: kamar yadda ɗige-ɗigen kowane kifi ya bambanta da na ɗan'uwansa, haka zanen fatar kowane raƙumin dawa, saboda haka da hoto ake gane su ɗaya bayan ɗaya. A Kure ba a shiga daji sai da ɗan jagora, kuma wani kaso na abin da aka samu ya koma ƙauyuka ta hanyar rijiyoyi da bashin sana'a. Amma sabon da dabbobin suka yi da mutane da motoci yana da nasa sharri, domin an sha rasa su a kan babbar hanyar Yamai zuwa Doso.

Sannan ga darasi mai ɗaci. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin Kure, Faransawa 6 ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, da ƴan Nijar 2, direbansu da shugaban ƴan jagoran wurin. Hukuma ta dakatar da ziyara, baƙin waje suka ɗauke ƙafa, ƴan jagora suka wayi gari babu sana'a. A shekarar nan ce kuma annobar korona ta rufe Oslob da sauran wuraren kallon kifi a duniya. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Tsaron dabba da aka ɗora kan aljihun baƙo kaɗai yana iya rushewa rana ɗaya. Saboda haka albashin masu gadin Gadabeji, da man babur ɗinsu, da kuɗin ƙidayar shekara-shekara, wajibi ne su kasance cikin kasafin gwamnati, ko baƙo ya zo ko bai zo ba. Abin da masu kallo suka kawo ƙari ne.

Gadabeji ta fi Kure rauni nesa ba kusa ba. An keɓe gandun tun 1955, faɗinsa hekta 76.000, a 2017 kuma UNESCO ta sa shi da kewayensa cikin wuraren da duniya ke kulawa da su. Amma garken da ke ciki daga dabba 12 ya samo asali. Macen raƙumin dawa wata 15 take ɗaukar ciki, ta haifi ɗa guda. In Kure ta rasa ɗaya, ta rasa ɗaya cikin ɗaruruwa. In Gadabeji ta rasa mace ɗaya mai ciki, aikin shekaru ne ya koma baya. Raƙumin dawa kuwa, duk tsawonsa, ba ya jure kora. In aka bi shi da mota ko babur yana iya faɗuwa ya karye, ko ya mutu bayan kwana biyu saboda wahalar gudun, mai korar ya riga ya koma gida da hotonsa bai san abin da ya bari ba. Dokar ƙasa mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta hana kashe shi da kama shi. Abin da ake bukata a kanta shi ne ƙa'idar kallo irin ta Ningalu, wadda masana na ma'aikatar kula da muhalli za su yanka da adadi: mota nawa a rana, nisan mita nawa, minti nawa a wurin garke ɗaya, hanyoyin da mota ba ta sauka daga kansu, da nisan da za a ƙara in akwai uwa mai sabon ɗa. Sama da duka, a hana ba su abinci. Za a samu mai wayon da zai ce a riƙa zuba musu harawa ko kanwa a wuri ɗaya domin baƙo ya same su ba wahala. Wannan ita ce hanyar Oslob, kuma ƙarshenta a nan shi ne raƙumin dawa a bakin rumbu ko a tsakiyar titi. Aduwa da kandili da jiga da ke dajin sun ishe shi, muddin gatari ya bar su.

Ko da an rubuta ƙa'idar an ajiye a ofis da faransanci, aiki bai ƙare ba. Dokar da direba da makiyayi ba su ji ba, ba ta zama doka ba tukuna. A fassara ta da Hausa da Fulfulde da Tamajak, a karanta a gidajen rediyon karkara, a kai ta cibiyoyin yaƙi da jahilci domin masu koyo su yi karatu da ita.

Akwai wata magana da ta shafi manyan ma'aikata, ba kuwa za a tsallake ta ba don nauyin baki. Ba talaka ne zai fara karya ƙa'idar nan ba, ba kuma bature mai yawon buɗe ido ba, wanda galibi in an ce masa tsaya yakan tsaya. Wanda zai fara karya ta shi ne babban mutum da ya zo rangadi da motoci 10, lokacinsa ƙanƙane, yana son hoto kusa da dabba kafin la'asar, sai a ce wa direba ya matsa, a ce wa yara su koro su nan. Mai gadi ƙaramin ma'aikaci ne, ba zai iya buɗe baki ba. Ranar da aka yi haka sau ɗaya gaban jama'a, ƙa'ida ta mutu, domin kowa ya ga ashe ta marasa galihu ce. Tarihi ma ya yi gargaɗi: a shekarar 1996 ɗin da adadin ya faɗi zuwa 49, an sa kama wasu domin a yi kyauta da su ga shugabannin ƙasashen maƙwabta, da dama kuma suka mutu a wurin kamun. Umurnin ba daga mafarauci ya fito ba. Saboda haka ya kamata a rubuta ƙarara cewa cikin gandun Gadabeji maganar ɗan jagora ce ke bisa ta kowa, kamar yadda take a jirgin Donsol, kuma gwamna da shugaban gunduma su fara sauka daga mota a inda aka ce a sauka.

Ƴan jagoran kuma a ɗauke su daga Fulani da Abzinawan da ke kiwo kewaye da gandun, domin su suka san sawun kowace dabba, su ne kuma bisashensu ke raba ciyawa da ganye da namun dajin. In makiyayi ya ga motoci na shiga suna fita, shi kuwa abin da ya samu kawai shi ne hani, ba zai ɗauki raƙumin dawa nasa ba. Kowane baƙo a ba shi rasit, a rubuta shi cikin littafi, ƙarshen shekara a manna lissafi a ƙofar ƙaramar hukuma: kaza ya shigo, kaza ya tafi ga masu gadi, kaza ga gyaran rijiya, kaza ga rigakafin bisashe. Kuɗin da ba a san adadinsu ba sun fi rashin kuɗi haddasa gaba tsakanin maƙwabta.

Sabon Maci fa, mene ne nata a ciki, tun da gandun yana can arewa? Nata shi ne hanya. Mai zuwa da mai dawowa za su tsaya su sha mai, su ci abinci, su sayi tabarma da cuku da kayan fata a kasuwa. Wannan riba ce mai tsabta wadda ba ta taɓa jikin dabba ba, kuma ita ya kamata hukumar garin ta tsara. Abin da ba a so shi ne irin cinikin da ke bin ƴan kallo ko'ina: ɗan barewa ɗaure da igiya a bakin titi, ko ɗan biri, ko kunkuru, ana cewa a biya a yi hoto. Kowane ɗan barewa da aka gani haka, an raba shi da uwarsa a daji. Masu kallon farko ma ba sai sun zo daga Turai ba. Ɗaliban makarantun Sabon Maci da Kornaka da Dakwaro, waɗanda kakanninsu suka san raƙumin dawa da ido amma su sai a littafi, su ne suka fi cancanta a fara kai su, aji ɗaya bayan ɗaya, da malaminsu, bisa ƙa'idar da za a ɗora wa kowa.

Saura abu ɗaya. Raƙumin dawa bai san iyakar gandu ba. Na Kure sun sha yin nisa ƙwarai, wasu har sun ƙetara iyakar ƙasa. In garken Gadabeji ya yawaita, ba abin mamaki ba ne wata rana da rani wani namiji ya ƙetaro kwarin Tarka ya yo kudu, yana bin ganyen gawon da manoman jahar Maraɗi suka raya cikin gonakinsu ta hanyar sassaben zamani. Ranar nan yara za su fito da gudu, masu babura za su taru, kowa da wayar salula a hannu. Tun yau ya kamata kowane mai gari, daga Dakwaro har Sabon Maci, ya san lambar ma'aikacin gandun dajin da zai kira, ya san nisan da zai tsayar da jama'a, manomin da aka ci wa wake kuma ya san ofishin da zai kai kukansa da kwana nawa zai jira amsa.